Man Habbatus Sauda Da Cutar Daji: Abin Da Ke Cikin Man, Da Iyakar Abin Da Bincike Ya Tabbatar

Da wuya a shiga shagon magungunan Musulunci a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maraɗi a rasa kwalaben man habbatus sauda jere a kan kanta. Ana shan sa domin mura da tari da ciwon ciki da hawan jini, ana shafa shi a fata da gashi. A 'yan shekarun nan kuma an ƙara masa wata daraja a saƙonnin WhatsApp da bidiyoyin TikTok: wai binciken Turawa ya tabbatar da cewa yana kashe cutar daji.

Maganar tana da tushe, domin akwai ɗaruruwan rubuce-rubucen kimiyya a kan wannan mai da sinadaran da ke cikinsa. Sai dai mafi yawansu sun tsaya ne a kan ƙwayoyin halitta da aka reno a faranti da kuma ɓerayen gwaji. Tazarar da ke tsakanin wannan mataki da warkar da ɗan Adam tana da faɗi, kuma a cikinta ne marasa lafiya da dama ke yin asarar lokacin da ba ya dawowa. Alƙaluman hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 kusan mutum 128,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka mutu. Dajin mama da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa su ne kan gaba.

Tsiron da tarihinsa

Masana tsirrai suna kiran habbatus sauda Nigella sativa. Ƙaramin tsiro ne da ke rayuwar shekara guda, tsawonsa bai cika wuce kamu biyu ba, yana da siraran ganye da fure fari ko shuɗi-shuɗi. Idan furen ya faɗi sai ya bar wani ƙwanso mai ɗauke da baƙaƙen 'ya'ya masu kusurwa. Asalinsa daga kudu maso yammacin Asiya ne da gabashin tekun Bahar Rum. A yau ana noma shi sosai a Indiya, Masar, Turkiyya, Siriya, Iran da Habasha, kuma daga irin waɗannan ƙasashe ake shigo da mafi yawan wanda ake sayarwa a kasuwannin Arewa. Larabawa na ce masa habbatul baraka, Indiyawa na ce masa kalonji.

Amfani da shi ya daɗe. An samu 'ya'yansa a kabarin Fir'auna Tutankhamun, kuma Ibn Sina ya yi bayaninsa a littafinsa na likitanci, Alƙanun. A wajen Musulmi darajarsa ta samo asali ne daga hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ambace shi a matsayin waraka. Malaman sharhi sun tattauna faɗin ma'anar hadisin tun da daɗewa. Ibn Hajar ya kawo ra'ayin Alkhaɗɗabi cewa lafazin gamamme ne amma ana nufin keɓantattun cututtuka, ya kuma kawo ra'ayin waɗanda suka bar shi a kan faɗinsa. Babu ɗaya daga cikin ra'ayoyin biyu da ya hana mara lafiya zuwa wurin likita.

Mai iri biyu a ƙwaya ɗaya

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne cewa ƙwayar habbatus sauda tana ɗauke da mai iri biyu, kuma ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne man tatsa, wanda ake samu idan aka matse 'ya'yan kamar yadda ake matse gyaɗa ko riɗi. Shi ne kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na nauyin ƙwayar, kuma shi ne ake ɗurawa a kwalba a kai kasuwa. Mafi yawansa kitse ne irin na sauran man girki: fiye da rabinsa sinadarin linolik ne, sai olik da ke bi masa, sai falmitik.

Na biyu shi ne man ƙamshi, mai saurin bin iska, wanda shi ke ba ƙwayar ɗacinta da warinta mai hawa hanci. Wannan kaɗan ne ƙwarai, yawanci daga rabin kashi 1 zuwa kashi 2 da rabi cikin 100 na nauyin ƙwayar. Ana fitar da shi ne ta hanyar dafa niƙaƙƙun 'ya'yan a ruwa, tururin ya kwashi man ya bi ta wani bututu mai sanyi, ya koma ruwa, man ya taso sama a kwashe. Kilo guda na 'ya'yan bai cika ba da abin da ya wuce cokali ɗaya ko biyu ba.

Yawancin binciken da ake yaɗawa game da cutar daji an yi shi ne da wannan man ƙamshi, ko kuma da sinadari guda da aka ware daga cikinsa aka tace shi tas. Man da ke kan kanta yana ɗauke da ɗan kaso ne kawai na wannan sinadari, narke a cikin kitse mai yawa.

Sinadaran da ke cikin man ƙamshin

Domin gane abin da ke cikin man, masana suna ɗura ɗigonsa a wata na'ura da ke mayar da shi tururi, ta tura shi cikin dogon siririn bututu. Kowane sinadari yana fitowa a nasa lokacin gwargwadon nauyinsa da ɗabi'arsa, sannan wata na'urar ta farfasa shi ta auna ɓaraguzansa, a gane sunansa. Da wannan hanya aka gano gomman sinadarai a man habbatus sauda.

Wani bincike da Burits da Bucar suka wallafa a shekarar 2000 daga Jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya yana cikin waɗanda aka fi dogara da su. Ya nuna cewa babban sinadarin man shi ne taimokwinon, wanda ya kai kashi 30 zuwa 48 cikin 100. Sai saimin mai kashi 7 zuwa 15, kabakrol mai kashi 6 zuwa 12, tafiniyol mai kashi 2 zuwa 7, anitol mai kashi 1 zuwa 4, da longifolin mai kashi 1 zuwa 8. Ban da man, ƙwayar na ɗauke da wasu sinadarai irin su nijelisin da nijelidin da alfa-hederin, waɗanda su ma ake nazari a kansu.

Taimokwinon shi ne ya fi jan hankalin masana. Masanin magunguna ɗan ƙasar Masar, El-Dakhakhny, shi ya ware shi daga ƙwayar a shekarar 1963. Idan aka tace shi yakan zama ƙanƙara mai launin rawaya. Kowace ƙwayarsa tana da zarra 10 ta kabon, 12 ta haidirojin, 2 ta oksijin. Ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma haske da zafi suna lalata shi.

Waɗannan alƙaluma ba tsayayyu ba ne. Ƙasar da aka noma tsiron, yanayin damina, lokacin girbi, tsawon ajiya da hanyar fitar da man duk suna sauya su. An samu man ƙamshin habbatus sauda daga wasu ƙasashe wanda saimin ya rinjaye shi, taimokwinon kuwa ɗan kaɗan. Wani nazari da aka wallafa a 2022 kan kayan habbatus sauda da ake sayarwa a kasuwa ya gano cewa yawan taimokwinon a wani samfurin ya ninka na wani fiye da sau 200. Ma'ana, kwalabe biyu masu suna ɗaya na iya zama abubuwa biyu mabambanta a jiki.

Kariya daga tsatsar jiki

Kalmar antioksidan ta zama ruwan dare a tallace-tallacen kayan lafiya. Tushenta shi ne wani aiki da iskar oksijin ke yi wa abubuwa: shi ke sa ƙarfe tsatsa, shi ke sa yankakken dankali ya yi duhu, shi ke sa man girki ya canza wari idan ya daɗe. A jikin mutum, yayin da ƙwayoyin halitta ke ƙona abinci domin samar da ƙarfi, sukan fitar da wasu ƙananan sinadarai marasa natsuwa da ake kira radikal. Kowannensu yana da giɓin lantarki guda, don haka yakan fizgo daga duk abin da ya taɓa, ko bangon ƙwayar halitta ne ko kuwa kundin gadon da ke cikinta. Hayaƙin taba, gurɓatacciyar iska da zafin rana mai tsanani suna ƙara yawansu. Antioksidan shi ne duk sinadarin da ke cike wa radikal giɓinsa kafin ya yi ɓarna.

Gwajin da aka fi yi domin auna wannan ƙarfi ana kiransa DPPH. Ana zuba man a cikin wani ruwa mai launin shunayya wanda ke cike da radikal. Idan man na da ƙarfi, ruwan sai ya koɗe ya koma rawaya, na'ura ta auna yawan koɗewar. A binciken Graz, taimokwinon da kabakrol da anitol da tafiniyol duk sun nuna irin wannan aiki. A jikin ɓeraye kuma an ga taimokwinon yana ƙarfafa sinadaran kariya da hanta da ƙoda ke samarwa da kansu.

Amma koɗewar ruwa a kwalba ba hujja ba ce ta rigakafin cutar daji, kuma tarihi ya koyar da masana wannan darasi da tsada. A ƙasar Finlan an ba maza masu shan taba fiye da 29,000 ƙwayoyin antioksidan domin a ga ko za su rage dajin huhu. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa waɗanda suka sha bita-karotin sun fi kamuwa da cutar da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin makamancinsa a Amurka an dakatar da shi a 1996 bayan an ga ƙarin kashi 28. A 2011 kuma gwajin da aka yi wa maza fiye da 35,000 ya nuna cewa bitamin E ya ƙara haɗarin dajin mafitsarar maza da kashi 17. Duk waɗannan sinadarai sun yi fice a gwajin kwalba.

Akwai kuma wani abin lura. Taimokwinon yana da fuska biyu. Idan kaɗan ne yana kashe radikal, idan ya yi yawa shi da kansa yake haifar da su. Masana da dama na ganin cewa wannan fuska ta biyu ce ke taimaka masa wajen kashe ƙwayoyin daji a faranti.

Abin da aka gani a kan ƙwayoyin daji

Ɗakunan gwaje-gwaje a duniya suna ajiye ƙwayoyin daji da aka ciro daga jikin marasa lafiya shekaru da dama da suka wuce, suna ci gaba da hayayyafa a faranti. Daga cikinsu akwai HeLa, da aka ɗauka daga dajin bakin mahaifar Henrietta Lacks a Amurka a 1951, da MCF-7 na dajin mama, da HCT-116 na dajin hanji. Mai bincike yakan zuba wa waɗannan ƙwayoyi man ko sinadarin a ma'auni daban-daban, ya jira kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya ƙidaya waɗanda suka rayu. Ma'aunin da ya kashe rabinsu shi ake rubutawa da sunan IC50, kuma ƙanƙantarsa ita ke nuna ƙarfin sinadarin.

A irin waɗannan gwaje-gwaje taimokwinon ya nuna abubuwa da dama. Lafiyayyar ƙwayar halitta tana da tsarin kashe kanta idan ta lalace, ƙwayar daji kuwa takan toshe wannan tsari ta ci gaba da rabuwa. A 2004 Hala Gali-Muhtasib ta Jami'ar Amurka da ke Beirut da abokan aikinta sun nuna cewa taimokwinon yana tayar da wannan tsari a ƙwayoyin dajin hanji ta hanyar wani furotin mai gadi da ake kira p53. Wasu masanan sun ga yana dakatar da rabuwar ƙwayoyin, yana danne sinadaran da ke rura kumburi, yana kuma rage tsirowar sababbin jijiyoyin jini da ƙari ke buƙata domin ya girma. A jikin ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin daji, an ga ƙarin yana raguwa ko yana jinkirin girma, wani lokaci ma sinadarin yana ƙara wa magungunan asibiti ƙarfi.

Waɗannan sakamako na gaskiya ne, kuma su ne dalilin da ya sa ake ci gaba da binciken.

Inda labarin ya tsaya

A faranti, sinadarin yana zaune kai-tsaye a kan ƙwayoyin daji na tsawon awoyi. A jikin mutum kuwa sai ya ratsa ciki da hanji, ya wuce ta hanta mai farfasa baƙin sinadarai, ya shiga jini. A can ma kusan dukkan taimokwinon yakan manne wa furotin ɗin jini, ɗan abin da ya rage ne ke yawo har ya isa inda ƙarin yake. Wannan ne ya sa masana ke ƙoƙarin naɗe shi a cikin ƙananan ƙwayoyin kitse domin ya kai inda ake so. Sannan abubuwa da yawa suna kashe ƙwayoyin daji a faranti, har da ruwan bilic. Abin da ake nema shi ne wanda zai kashe su ya bar lafiyayyun, a ma'aunin da jiki zai iya ɗauka.

An taɓa gwada taimokwinon a jikin masu cutar daji. A 2009 Al-Amri da Bamosa sun wallafa sakamakon wani gwajin matakin farko da suka yi a Saudiyya kan manya 21 da cutarsu ta yi nisa ta ƙi jin magani. An ba su daga miligiram 75 har zuwa 2,600 a rana. Jikinsu ya ɗauka ba tare da wata mummunar illa ba, amma ba a ga cutar ta ja da baya ba. Gwajin ƙarami ne, an kuma yi shi ne da farko domin auna illa. Duk da haka, har yau babu wani babban gwaji da ya nuna cewa man habbatus sauda ko taimokwinon yana warkar da cutar daji a jikin mutum, kuma babu hukumar magunguna da ta amince da shi domin wannan aiki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a fagen. Wani nazari da masana a cibiyar MIT ta Amurka suka wallafa ya ƙiyasta cewa kashi 3.4 cikin 100 ne kawai na magungunan daji da suka shiga gwajin farko a jikin mutane suke kaiwa ga samun amincewa.

Inda hujja ta fi ƙarfi game da habbatus sauda shi ne wasu fannonin daban. Gwaje-gwaje da dama a jikin mutane sun nuna yana ɗan rage hawan jini, sukarin jini da kitsen jini, ko da yake yawancinsu ƙanana ne kuma na gajeren lokaci.

Tsirran da suka kai asibiti

Magungunan daji da dama daga tsirrai suka fito, kuma tarihinsu yana nuna hanyar da ake bi. Binkiristin, wanda ya taimaka wajen sauya makomar yara masu dajin jini, an samo shi ne daga wani fure na tsibirin Madagaska, aka amince da shi a Amurka a 1963. Faklitaksel, da ake ba masu dajin mama da na ƙwan mace, ya fito ne daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka. An ɗebo ɓawon a 1962, an gano siffar sinadarin a 1971, ba a amince da shi ba sai 1992. Shekara 30 ke nan na tacewa, aunawa da gwaji. Babu ɗaya daga cikinsu da ake shan sa a matsayin jiƙo.

Najeriya ma tana da nata misalin. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta samar da Niprisan domin masu ciwon sikila daga haɗin tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari, bayan ta gwada shi a jikin marasa lafiya. Jami'o'in Arewa suna wallafa bincike mai yawa kan tsirran gida, amma galibi yana tsayawa a matakin faranti da ɓera, domin gwaji a jikin mutane yana cin kuɗin da ƙananan tallafin bincike ba sa iya ɗauka.

Doka da kasuwa

Dokar abinci da magunguna ta Najeriya ta haramta tallata wani abu ga jama'a a matsayin magani ko rigakafin wasu cututtuka da ta lissafa, kuma cutar daji na cikinsu. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan gargajiya lambar da ke ƙarewa da harafin L. Wannan lamba tana nufin an duba cewa kayan ba shi da guba a ma'aunin da aka rubuta. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da cutar da mai shi ya ambata, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Masu talla da yawa sukan ɗaga lambar su yi shiru a kan wannan jimla.

Ba jahilci kaɗai ke tura mutane wurin mai kwalba ba. Na'urorin gashin daji a ƙasar kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan jama'a, wasu sukan lalace su daɗe ba a gyara ba. Kuɗin allurar daji ya fi ƙarfin talaka, kuma mafi yawan 'yan ƙasa ba su da inshorar lafiya. Wanda aka ce ya kawo miliyoyi, idan ya ji akwai waraka a kwalbar 'yan dubbai, ba abin mamaki ba ne ya gwada. An kafa cibiyar binciken cutar daji ta ƙasa, NICRAT, bisa dokar 2017, an kuma fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa dajin bakin mahaifa kyauta a watan Oktoban 2023. Yadda ake ba waɗannan shirye-shirye kuɗi da yadda ake kashe shi tambayoyi ne da ya kamata a riƙa yi wa gwamnatoci da 'yan majalisa.

Farashin jinkiri kuwa an auna shi. Masana a Jami'ar Yale sun wallafa a 2018 cewa masu cutar daji da ake iya magancewa, waɗanda suka zaɓi maganin gargajiya kaɗai suka bar na asibiti, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau 2 da rabi. Ga masu dajin mama ya ninka fiye da sau 5.

Ga mai amfani da shi

Cin habbatus sauda a abinci ko shan ɗan man tatsa ba ya cutar da yawancin mutane. Tsantsar man ƙamshin kuwa yana da kaifi, an samu waɗanda ya jawo musu ƙaiƙayi da kumburin fata bayan shafawa. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya kamata ya kula, domin man na iya ƙara saukar da su. Akwai kuma alamun cewa yana taɓa sinadaran hanta da ke sarrafa wasu magunguna, don haka duk wanda ke karɓar allurar daji ko gashi ya sanar da likitansa kafin ya haɗa. Kwalba mai duhu da aka ajiye nesa da rana ta fi riƙe sinadaranta.

Ƙullutu a mama, zubar jini ba lokacin al'ada ba, jini a bayan gida, wahalar fitsari ga dattijo, ko rama ba dalili, duk alamu ne da ke buƙatar gwajin asibiti tun da wuri. Dajin mama da na bakin mahaifa suna cikin waɗanda ake warkewa daga gare su idan aka gano su a matakin farko.